Mu Goma Sha Biyu a Motar Mutum Bakwai

'Yan'uwana mazauna Kurmi, na Sabo da Sasa da Bodija a nan Ibadan, da na Shagamu da Agege da Idi Araba, da duk inda neman halali ya kai Bahaushe, ina gaishe ku. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da zaman baƙunta? Allah Ya sa mu koma gida da abin alheri, amin.

Wannan labari na daɗe ina juya shi a raina, in ɗauki biro in ajiye, saboda akwai laifina a ciki, mutum kuwa ba ya son tona kansa. Abin da ya sa na daure yau shi ne, kwanakin baya Baba ya aike ni tasha in ba da saƙo zuwa gida, sai na tarar ana lodin wata Sharon. Mutum huɗu sun riga sun cika kujerar tsakiya, ga ɗan kamasho ya riƙo hannun wani yaro yana cewa, "Alhaji, matsa kaɗan mana, ai ɗan'uwanka ne." Ina jin haka gabana ya faɗi, domin da bakina na taɓa faɗin irin wannan magana, kuma na ga inda ta kai mu.

Ga wanda bai san ni ba, a Sabon Ibadan aka haife ni. Mahaifina mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, albasa yake kawowa Kurmi tun kafin ya auri mahaifiyata. A nan na yi firamare da sakandare, saboda haka ina jin Yarbanci kamar yadda nake jin Hausa, ina kuma ɗan taɓa Turanci. Wannan ya sa duk inda aka shiga da mutanenmu, asibiti ne ko banki ko wani ofishi, ni ake turawa gaba in yi magana. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Babbar Sallar 2023 ce. Kowa ya tuna yadda abubuwa suke a lokacin. Ranar 29 ga watan Mayu aka rantsar da Shugaba Tinubu, a ranar ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500. Wata guda bayan nan Sallah ta zo. Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, motocin kuma suka yi ƙaranci. Baba ya ce shi ba zai bar kasuwa ba a bana, ni in tafi in kai wa kakarmu kayan Sallah, in tafi da Autanmu, wanda a lokacin shekararsa 12, ya ga dangi. Da za mu fita Inna ta biyo mu har bakin ƙofa ta ce da ni, "Ga ƙanenka nan, amana."

Saura kwana biyu Sallah muka isa tasha da sassafe. Mutane maƙil, kowa da jaka da buhu da galan ɗin manja. Har hantsi ya ɗaga ba mu samu mota ba, sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata Sharon ta shigo layi. Ita wannan mota da muke kira Sharon kamfanin Volkswagen ne ya ƙera ta, kujera bakwai gare ta har da ta direba, wato fasinja shida ke nan. Takwararta Siyana ta kamfanin Toyota bakwai ce ko takwas. Amma kowa ya san yadda ake lodinsu a hanyarmu: biyu a gaba kusa da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya. Haka aka yi mana. Ni ina baya, Auta yana kan cinyata domin ban biya masa kujera ba, na ga kamar na yi wa Baba tattali. Mun zama goma sha ɗaya har da direba. Kaya kuwa an tula a but har murfin ya ƙi rufuwa, aka ɗaure shi da igiya, aka ɗora sauran a kan rufin mota.

Direba ya ta da mota ke nan sai ga wani saurayi, ba zai wuce shekara 18 ba, da 'yar jakarsa ta leda mai zif. Ɗan ci-rani ne, daga gani mai wankin takalmi ko yankan farce. Ya ce wani ƙauye za shi kusa da Koko, tun jiya yake kwana a tasha, kuɗinsa kuma bai cika ba. Direba ya ce babu wuri. Wani dattijo da ke kujerar gaba shi ma ya ce, "Direba, motar nan ta cika, a ji tsoron Allah." Ni ne na ɗaga murya daga baya na ce, "Haba Baba, Sallah ce fa, a taimaka masa mana, ai ɗan'uwanmu ne. Ga wuri nan kan kaya." Mutum biyu suka goya mini baya, dattijo ya yi shiru. Aka sassauta igiya, yaron ya hau kan buhuna a bayan kujerarmu, ya duƙunƙune, aka sake ɗaurewa. Ya miƙa wa direba rabin kuɗin mota, ya yi mini godiya har sau uku. A raina na ji na yi aikin lada.

Kafin mu fita aka kawo takardar sunayen fasinja, wadda doka ta ce kowace motar haya mai dogon zango ta cike: suna, da inda za ka, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Suna shida kawai aka rubuta, daidai da kujerun mota. Nawa yana ciki. Na Auta babu, na yaron nan ma babu.

Hanyarmu sananniya ce ga duk ɗan Kebbi da Sakkwato: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Bode Sadu, Jebba, Mokwa, Kwantagora, Yawuri, Koko, Jega, sai gida. Mun wuce Oyo da kaɗan sai muka ci karo da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke ce wa 'yan rod sefti. Lokacin Sallah sukan ƙara yawan sintiri. Babbansu, wani Bayarabe mai furfura, ya sa direba ya gangara gefe, ya leƙo ya ƙirga mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da ya zagaya baya ya ga mutum a kan kaya sai ya dafe kai. Ya karɓi lasisi da takardun mota, ya rubuta takardar tara, naira 10,000, laifin lodi fiye da kima. Ya kuma ce motar ba za ta motsa ba sai mutum biyar sun sauka, an kuma rage kayan da ke sama.

Nan fa aka turo ni gaba kamar kullum. Na rusuna na gaishe shi da Yarbanci irin na 'yan gari, na kira shi Baba, na roƙe shi, na haɗa shi da Allah. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kama hannuna ya kai ni wajen tayar baya, ya ce, "Ɗana, dubi yadda ta kwanta. Kai da ka yi makaranta, wannan za ta kai ku Kebbi? Ni ma Musulmi ne, so nake ku yi Sallah a gaban iyayenku." Ya ƙi karɓar komai a hannu, ya ce tara asusun gwamnati ake biya a kawo shaida.

To, ga abin da muka yi. Muka koma gefe muka yi shawara. Ni na zagaya na karɓi karo-karo daga fasinja aka haɗa kuɗin tara, aka biya, aka kawo shaida. Aka sauke buhu biyu daga sama. Mu biyar muka ɗauki jakunkunanmu: ni, da Auta, da yaron nan, da wasu samari biyu. Na dubi idon dattijon jami'in nan na ce masa za mu koma cikin gari mu nemi wata mota. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Muna ɓacewa daga ganinsu muka tare 'yan acaba, suka ɗauke mu da buhunan suka bi da mu ta wata hanyar ƙauye, suka sauke mu can gaba bayan wata kwana inda direba yake jiranmu. Muka sake shiga yadda muke, kowa a mazauninsa. Aka yi ta dariya a mota, ana cewa ɗan Sabo ya iya bariki. Wallahi har da ni a masu dariyar.

Wannan tsayawa ta cinye mana kusan awa biyu. Direba ya ce dole ya rama, domin ba ya son dare ya yi masa nisa tsakanin Kwantagora da Yawuri saboda halin tsaro. Ƙa'idar gudun motar haya kilomita 90 ce a awa a kan babbar hanya mai tagwayen layi, 80 a kan sauran manyan hanyoyi. Daga inda nake zaune ba na hango allurar, amma iskar da ke shigowa ta buɗaɗɗen but ta ishe ni sanin mun wuce haka. Hayaƙin salansa ma yana dawowa ciki, har Auta ya fara cewa kansa yana ciwo. Muka wuce Ilori, muka yi sallar Azahar da La'asar a gurguje a Bode Sadu, muka ƙetare gadar Jebba rana ta fara sanyi.

Tsakanin Jebba da Mokwa abin ya faru. Na ji ƙara kamar an harba bindiga a ƙarƙashina, tayar baya ta hagu ce ta fashe. Bayan motar ya fara wutsil-wutsil, direba ya taka birki da ƙarfi, mata suka sa salati. Abin da na iya tunawa shi ne ƙasa ta koma sama, sama ta koma ƙasa, sai na ji an fizge Auta daga hannuna. Da na dawo hayyacina ina kwance a kan gilashin gefe, wani mutum a kaina, bakina cike da ƙasa da manja. An ce sau biyu motar ta wuntsila kafin ta tsaya a cikin daji.

Nufawan ƙauyen da ke kusa da direbobin tirela su suka fara kawo ɗauki, Allah Ya saka musu da alheri. Wani ya kira lamba 122, wadda ake kiran 'yan rod sefti kyauta in an yi haɗari, suka zo da motarsu suka kwashe mu zuwa wani asibiti a Mokwa. Auta ya karye a cinya. Direba ya karye a hannu. Dattijon gaba da abokin zamansa sun fasa goshi, domin belet ɗaya ne a kujerar, mutum biyu kuwa ba sa ɗaura belet ɗaya. Ni ɗan yanka kawai na samu a kafaɗa. Yaron nan kuwa, tun a juyin farko igiyar but ta tsinke, motar ta watsar da shi tare da buhuna. A bakin kwalta aka tsince shi, rai ya riga ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yan'uwa, a nan ne na san amfanin takardar nan ta sunaye da muke rainawa. Jami'ai suka ɗauko ta suna kiran suna, shida suka amsa ko aka amsa musu. Suka tambayi sunan mamacin, muka dubi juna. Awa shida muna tafe tare, ya yi mini godiya sau uku, mun hau acaba ɗaya, amma ban tambayi sunansa ba. Babu katin shaida a jikinsa. A aljihunsa aka samu 'yar ƙaramar waya mai tocila, a jakarsa kuma turmin atamfa ɗaya, da takalmin yara ƙafa biyu, da kuɗi 'yan canji a ƙulle cikin leda. Na kira lambar ƙarshe da ya kira. Wani ya ɗauka da murna, kafin in yi sallama ya ce, "Har ka iso?" Yayansa ne, mai tura ruwa a Ibadan. Na kasa cewa komai, sai na miƙa wa dattijon nan wayar, shi da ya ce a ji tsoron Allah tun a tasha, shi ya faɗa masa. Washegari, ranar Arfa, aka yi masa sutura a Mokwa, mutanen gari da ba su taɓa ganinsa ba su suka sallace shi. Mahaifiyarsa atamfa kawai ta gani.

A ranar Baba ya iso daga Ibadan. Ya duba Auta, ya yi wa likita godiya, sannan ya kira ni waje. Baba in ransa ya ɓaci harshen gida yake komawa. Ya ce, "Ku nawa na cikin mota?" Na ce goma sha biyu. Ya ce, "Motar mutum nawa ta?" Na ce bakwai. Ya ce, "Wa yac ce a aza yaron ga bisa kaya?" Na sunkuyar da kai na ce ni ne. Ya daɗe bai yi magana ba, can ya ce, "Kai ɗan mai albasa na. Ka taɓa ganin na cika buhu har ya wuce bakinai?" Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, bai kuma sake ta da maganar ba har yau. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Daga baya aka wuce da Auta Aliero, garin da ya yi suna wajen masu ɗori kamar yadda ya yi suna wajen albasa. Ya yi watanni a kwance. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma ƙafar ta ɗan gajarta, yana ɗingishi. Yaron da kullum sai an je filin ƙwallo an kamo shi da magariba, yanzu a gefe yake zama yana kallo. Bai taɓa ce mini komai ba. Inna ma ba ta taɓa tuna mini kalmar da ta faɗa a bakin ƙofa ba, ni ne dai ban manta ba.

Bayan na dawo Ibadan na riƙa zama wajen wani makanike maƙwabcinmu, ina tambayarsa abin da ya sa taya take fashewa haka kawai. Ya ce babu wani haka kawai. Kowace mota akwai nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, yana nan rubuce a jikin ƙarfen ƙofa ko cikin littafinta, kowace taya ma da nata a rubuce a gefenta. Ya ce in yi lissafi irin na kasuwa: mutum biyar na ƙari, ko da kowanne kilo 60 ne, kilo 300 ke nan, kamar an ɗora manyan buhunan albasa uku a kan motar da ta riga ta cika, ba a ma zo kan kaya ba. In nauyi ya yi yawa gefen taya yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan ke sa ta ɗauki zafi. Ga zafin kwalta, ga gudu, ga rami. Wayoyin da ke cikinta su saki, sai ta yi bindiga.

Ya ƙara nuna mini wasu abubuwan. In bayan mota ya zauna, gabanta ɗagawa yake yi, tayoyin gaba su rage kama ƙasa, sitiyari ya yi sakwa-sakwa, fitilu kuma da dare su haska sama su kashe wa mai zuwa ido. Birki an yi shi ne daidai nauyin mota, in an ƙara nauyi sai ta yi nisa kafin ta tsaya, a gangara kuma ya yi zafi ya ƙi kamawa. Kayan da ake ɗorawa a rufi su ke sa mota saurin kifewa a kwana. Mutum biyu a gaba suna matse direba, hannunsa ba ya sakewa wajen canza giya. Duk wanda aka ƙara kuma ba shi da belet, in aka yi karo shi kansa ya zama dutsen da za a jefi na gabansa da shi. Ya ce in taya ta fashe ba a taka birki da ƙarfi, riƙe sitiyari ake yi a saki totur mota ta rage gudu da kanta, amma motar da aka yi wa irin lodinmu ko gwanin direba da wuya ya riƙe ta. Sannan ya nuna mini lamba huɗu da ke gefen kowace taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ke nan na 2019. 'Yan rod sefti suna cewa taya in ta shekara huɗu ta gama aiki. Yawancin tayoyin gwanjo da ake sa wa motocin hanyarmu sun wuce haka tun kafin su sauka daga jirgin ruwa.

Sai maganar tara. Ita wannan hukuma an kafa ta a 1988 zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma a nan jihar Oyo aka fara gwada irin aikin tun a shekarun 1970. Dokarta ta 2007 ta zo da jerin laifuffuka da tararsu: lodi fiye da kima naira 10,000 da maki 10 a kan lasisin direba, rashin ɗaura belet naira 2,000, wuce ƙa'idar gudu naira 3,000, tuƙin ganganci naira 50,000. A 2007 litar fetur ba ta kai naira 100 ba, wato naira 10,000 ta fi kuɗin lita 100, direba zai ji ta a jikinsa. A ranar da muka yi tafiyar nan kuwa lita 20 kawai za ta saya, kuma kuɗin da kowane babba a cikinmu ya biya na kujera ɗaya ya fi ta. Ka ga ke nan ko an kama direba ya biya, fasinja ɗaya na ƙari ya mayar masa. Namu direban ma ko sisinsa bai fita ba, mu muka biya masa. A ganina ba girman tara ne ya kusa ceton mu a ranar ba, sauke mutum biyar ɗin nan ne, shi ne kuma muka yi wa dabara.

Ba na son in zalunci direbobi, da yawansu iyayenmu ne da yayyenmu a nan Sabo. Na san lissafinsu. Mota ba tasu ba ce, akwai balas ɗin mai mota. Akwai kuɗin tasha da na kamasho, akwai mai, akwai abin da ake miƙawa a wasu shingaye na hanya da kowa ya sani. In ya ɗauki shida kawai a kan kuɗin da muke son biya, da ƙyar zai fita. Amma shi ma namu direban ga inda lissafin ya ƙare: mota ta zama gwangwan, hannu ya karye, ga ran mutum. Garin neman ƙiba an samo rama.

Mu fasinja fa? Na zauna na duba, na ga abu uku ne ke kai mu. Na farko son araha. In aka ce ga mota mai ɗaukar shida amma da ƙarin kuɗi, ga mai ɗaukar tara, yawancinmu ta biyun za mu nufa. Ni kaina kuɗin kujerar Auta na yi wa rowa, abin da aka kashe a jinyarsa ya ninka shi ban san sau nawa ba. Na biyu kunya. Zaman baƙunta ya koya mana riƙon juna, abu ne mai kyau, da shi muke rayuwa a Kurmi. Amma shi ne kuma ke sa in an ce "ɗan'uwanka ne" bakinka ya mutu. Da taimakon gaske na so yi wa yaron nan, da na cika masa kuɗin mota daga aljihuna ya jira ta gaba ya samu kujera. Na zaɓi taimakon da ba zai ci mini ko kwabo ba, na sa shi a inda ni ba zan yarda in zauna ba. Na uku, kalmar nan ta "in kwana ya ƙare ko a gado ne." Na kai wa limaminmu wannan magana ina neman sauƙi a zuciyata. Ya ce ƙaddara gaskiya ce, yaron nan ba zai wuce ranarsa ba, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum tambaya a kan abin da hannunsa ya yi, kuma tawakkali daban, ganganci daban. Ya ce in yawaita istigfari, in riƙa yi masa addu'a, in kuma gaya wa wasu. Wannan rubutu cika umarninsa ne.

Abin bai tsaya kan ƙananan motoci ba. Mu 'yan albasa da tumatir da shanu mun san yadda yaranmu ke hawa saman tirela a kan kaya tun daga Arewa har Kurmi don gudun kuɗin mota, kuma mun san yadda ake kwasar gawa in ta faɗi. Baba da kansa ya ce shi ma ya yi shekaru yana barin haka. Tun bayan abin da ya faru ya hana yaransa, yana ba su kuɗin mota daban, ya kuma aika wa mahaifiyar yaron nan abin da ya sawwaƙa ta hannun yayansa.

Ni dai ga abin da nake yi yanzu, ban ce dole kowa ya bi ba. Kafin in biya nakan tambayi mutum nawa za a ɗauka, in zagaya in dubi tayoyi. In da yaro nake tafe ina biya masa kujerarsa. Ina tabbatar da an rubuta sunana da lambar gida a takarda, in kuma tambayi na kusa da ni sunansa da garinsu. In Sallah ta matso ina tafiya da wuri ko in bari sai bayanta, domin a kwana biyun nan na ƙarshe ne ake cusa mutane kamar kifin gwangwani. Sau biyu ina sauka daga mota a tasha saboda an ƙara mutum bayan an yi alkawari. An yi mini dariya, wani ya ce boko ya lalata ni, wani ya ce na zama Bayarabe mai tsoron mutuwa. Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa yin irin dariyar. Abin da na lura shi ne, a karo na biyu da na sauka wata mata ta biyo ni, sai wani ma ya sauko, da ɗan kamasho ya ga kujeru uku za su tashi sai ya fasa ƙarin. Ashe in mutum uku suka ƙi, magana ta ƙare.

Ina roƙon sarakunanmu na Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai su sa baki, musamman a huɗubar Juma'ar da ke gaban kowace Sallah. Direbobin nan namu ne, 'yan kamasho namu ne, fasinja mu ne. In aka zauna aka daidaita kuɗin da zai fitar da direba da mutum shida, aka kuma tsaya a kai, ba sai mun jira wani mai kaki ya ƙirga mu da yatsa a hanyar Oyo ba.

Shi kuwa dattijon jami'in nan, duk lokacin da na bi ta wurin nakan leƙa ko zan gan shi, ban sake ganinsa ba. Ina so in gaya masa ƙarya na yi masa, kuma tayar da ya nuna mini ita ce ta fashe.

Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa yaron nan a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri, Ya ƙara wa Auta lafiya, ni kuma Ya yafe mini. Masu shirin tafiya gida, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.